Wanda Yake Cire Wa Agogo

Masu cewa girman kai ne ke damuna, na ga saƙonninku a ƙasan rubutun da ya wuce, na gode. Har ke da kika ce in na ci gaba da ruwan ido sai na tsufa a ɗakin uwata, 'yar'uwa na ga naki, Allah ya bar zumunci. Wanda kuma yau ne ya fara karanta ni, ga inda muka tsaya: ni ce auta a gidanmu, akwai mutumin da ke neman aurena, kowa ya gama yarda da shi, ni kaɗai ake jira. Baba ya ce kafin mako ya fita yana son ya ji daga bakina, e ko a'a. Ni kuwa bakina ya ƙi buɗuwa, don wallahi har shekaranjiya ban san wane ne mutumin nan ba.

Kada ku ɗauka ba na sonsa. Da ba na sonsa ai da abin ya zo da sauƙi. Dogo ne, ba shi da jiki, kullum rigarsa a goge, in ba fara ba to ruwan toka. Ba ya sa turare, ƙamshin sabulu kawai yake yi. In yana tafiya ba ka jin takunsa. Akwai ranar da Umma ta fito daga kicin ta gan shi tsaye a ƙofar falo, kofin hannunta ya suɓuce ya tarwatse. Ya rantse ya yi sallama, kuma na yarda ya yi, muryar ce ba ta wuce inda yake tsaye. A wayata Mai Shiru na sa masa.

Ga irin hirarmu, ku yi mana alƙalanci:

"Kin ci abinci?"

"Na ci. Kai fa?"

"Zan ci."

Shi ke nan, soyayyar yau ta ƙare. Wani lokaci ya ɓace ɓat tun safe, in kira in ji waya a kashe, sai washegari in ga saƙo: "Ina bakin aiki ne. Ki yi haƙuri." Aikin me? A asibiti yake, ɓangaren kula da marasa lafiya. Likita ne kai? A'a. Nas? A'a. To me? Sai ya yi murmushi ya tambaye ni ko ruwan famfo ya dawo a unguwarmu.

Baba ne ya kawo shi gidan. Baba tsohon direban babbar mota ne, ya daɗe da ajiye tuƙi. Wata rana ya tafi asibiti karɓo maganin hawan jini, sai ga shi ya dawo da wani dogon mutum riƙe masa da leda. "Yaron kirki ne," in ji Baba, "shi ya taimaka min a matakala." Bayan kwana biyu yaron kirki ya dawo gaisuwa. Ya sake dawowa. Tun ina kai musu shayi in fice, har na fara laɓewa jin abin da suke cewa, har ranar da Baba ya kira ni ya ce mutumin ya yi masa maganata.

Akwai abin da yake yi da ya daɗe yana ba ni haushi. In muna zaune ni da shi a baranda, bini-bini sai ya kalli agogo, wani tsohon agogo mai baƙin maɗauri. Amma da zarar zai shiga wurin Baba, a bakin ƙofa zai tsaya ya kwance agogon ya jefa aljihun gaba, ya kife waya, ya ɗaga kujerar roba cak, ba ya jan ta a ƙasa, ya ajiye ta gefen hagun Baba. Sannan ya murza tafukansa har su yi ɗumi kafin ya ba shi hannu. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Wato ni ce ta agogo, Baba ne na zuciya ko? To ka aure shi mana." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kada ki yi kishi da wannan, Auta." Na murguɗa baki na bar zancen.

Shi kuwa Baba kwanan nan sai a hankali. Akwatin kayan gyaran motarsa da ko taɓawa ba ya bari a yi, ya ɗauka ya ba maƙwabcinmu. Kowane abinci ya ce ba gishiri. Wandunansa duk sun yi masa yawa, Umma kullum tana kan keken ɗinki tana rage ƙugu. Na ce tsufa ne da rigima. Ranar da ya sa min wa'adi yana zaune bakin gado yana goge tabarau da gefen riga.

"Auta, ba dole nake miki ba. In a'a ce ki ce a'a, in sallami bawan Allah. Amma ina son in ji."

"Baba, wai saurin me ake yi? Guduwa zan yi?"

Ya yi dariya har ta zame masa tari, ya yi min alama da hannu in je.

Ga Gwaggo kuma, ƙanwarsa, ta sa ni gaba da saƙon murya safe da yamma: "Ke Auta, wai me kike jira ne? Sai an ƙero miki wani? Ki faranta wa ubanki rai mana, ki..." Na ƙarshen ma a nan ya yanke, kamar wadda ta shaƙe. Na ce ko mura ce ta kama ta.

Yanzu bari in faɗa muku aikina, don ta nan abin ya ɓullo. Gwaggo tana ce masa aikin bin ƙwaƙƙwafi, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ƙaramin kamfani ne. Manyan ma'aikatu ke ɗaukar mu, mu zauna da ma'aikatansu ɗaya bayan ɗaya, mu gano ko aikin da suke yi yana da wata ma'ana a wurinsu, ko kuwa jiki ne kawai ke zuwa, zuciya tana gida. Ina kunna wayata ta ɗauki murya, in yi tambayoyina, in kai wa Madam, shugabarmu. Abin da ake yi da shi bayan nan, oho.

Madam gajera ce mai tabarau a kan hanci, ita ta koya min aikin. Ta ce in kin tambayi mutum kai tsaye ko aikinsa na da ma'ana, e zai ce, don yana tsoron kora. Tambaya biyu ce ke fito da gaskiya. Ta farko: in ba ka zo aiki gobe ba, wa zai ji a jikinsa? Ta biyu: mene ne ke bin ka gida daga wurin aiki ba da saninka ba? Ta ce wanda aiki ya shiga ransa ba ya iya barinsa a ofis. Tela yana gaishe ki yana auna kafaɗarki da ido. Malamar makaranta tana gyara wa mijinta magana a gaban baƙi. Ranar da ta faɗi haka sai da na tuntsire da dariya, don Babanmu har yau in aka ɗauke shi a mota ƙafarsa tana taka birkin da babu, kuma ba ya tashi daga kujera sai ya waiga hagu da dama kamar mai shirin hawa titi.

Shekaranjiya da safe Madam ta miƙo min katin shiga, ta ce wani asibiti mai zaman kansa ya ɗauke mu. Ina ganin sunan asibitin gabana ya faɗi. Inda Mai Shiru yake aiki ne. A ƙa'ida kamata ya yi in ce ina da sanayya a can, a tura wata. Ni? Ni da nake neman ƙofar da zan leƙa cikin mutumin nan? Na ja bakina na tsuke, na ce to Madam.

Na sa doguwar rigata shuɗiya mai duhu, mayafi ruwan toka, da takalmin nan mai tsini da nake ji da shi, wai don ya gan ni a ma'aikaciyata. Aka ba ni wani ɗan ɗaki kusa da wurin ba da magani, ba taga, sai fanka mai kuka. Mai ba da kati ya ce in bai zo ba layi ne zai ji a jikinsa. Mai dafa abinci ta ce abin da ke bin ta gida shi ne ta kasa dafa na mutum biyu, kullum sai ta cika tukunya. Wani ma'aikacin ɗakin gwaji ya ce shi babu abin da ke bin sa sai ciwon baya. Har azahar ta wuce ban ga Mai Shiru ba.

Na tambayi babbar nas, wata mai jiki da kowa ke ce wa Sista. Tana cin biskit tana dariya da wata lokacin da na kwatanta mata shi, sai dariyar ta ɗauke ɗif.

"Mai Kujera kike nufi."

"Mai me?"

"Ba ya saukowa in yana zaune. Sai dai ki hau." Ta dubi ƙafata. "Amma ba da wannan takalmin ba."

A matakala take yi min bayani ƙasa-ƙasa. Akwai marasa lafiyar da likita ya gama iya ƙoƙarinsa a kansu, kuma ba su da kowa: wanda aka tsinto a hanya, wadda 'ya'ya suka kawo suka canja lamba. Mai asibitin ya ce a wurinsa ba wanda zai cika shi kaɗai, shi ne ya ɗauki mutum guda, aikinsa kawai ya zauna da su har ƙarshe.

"Yana da kujerarsa ta katako," ta ce. "Da can ta tsakiyar asibiti yake wucewa da ita, sai marasa lafiya suka gane. In ya gifta sai ki ga ana jan bargo ana rufe fuska. Wani tsoho har fitsari ya saki. Yanzu ta matakalar baya yake bi." Ta tsaya a hawa na ƙarshe, ta nuna min hanya da baki. "Ni nan na tsaya. Mutumin kirki ne, wallahi. Amma ko a wurin cin abinci ba na son ya zauna kusa da ni."

Na cire takalmi na riƙe a hannu. Jama'a, ban taɓa jin shiru irin na saman nan ba. Rana tsaka ce fa, amma labulaye duk a sake, doguwar fitilar sama tana wani zuuu kamar an kulle ƙudan zuma a kwalba, tayil sanyi ƙalau a tafin ƙafata. Ɗakuna a buɗe, gadaje a gyare, ba kowa. Sai can ƙurya na jiyo murya. Na san ta. Ita ce muryar da nake ji ta bayan labulen ɗakin Baba, mai taushi, a hankali, kamar ana lallashin jariri.

Ƙofar a ɗan buɗe take. Wata tsohuwa ce kwance, ta ƙanƙance har bargon ya fi ta auki, na'ura da ƙarfen ƙarin ruwa sun tsare gefen damanta. Shi yana hagu, kan wata kujerar katako da aka naɗe wa ƙafafu da tsumma don kada ta yi ƙara. Ya tsoma auduga a kofi ya jiƙa mata leɓe. Ya murza tafukansa, ya riƙe hannunta. Ta kira shi da wani suna da ba nasa ba, ya ce, "Na'am Mama, ga ni."

Fuskarsa ce ta tayar min da tsigar jiki. Haske take yi. Mutumin da nake wuni ina zuba masa surutu da ƙyar in ga haƙorinsa, ga shi nan ya sake, idonsa ya cika, kamar wanda ya dawo gida daga doguwar tafiya. Allah na tuba, kishin tsohuwar nan na ji.

Ya ɗago ya gan ni, ko gezau bai yi ba. Ya ɗaga min yatsa alamar in jira.

Da ya fito ya jawo ƙofar a hankali, ya zaro agogo daga aljihu ya ɗaura.

"Ta yi barci," ya ce.

"Barci dai... barci?"

"Barci. Ina jin ba yau ba ne." Ya dubi takalmin da ke hannuna. "Na gode da kika cire."

"Ba zance na zo ba, Malam. Aiki aka turo ni."

"Na sani. An ce mana za a zo."

Muka zauna kan benci, na kunna waya na ajiye tsakaninmu, na gyara murya irin ta aiki.

"In ba ka zo aiki gobe ba, wa zai ji a jikinsa?"

"Ita." Ya nuna ƙofar da kai. "Ba ta san ni ba. Ɗanta take gani in ta kalle ni. In ban zo ba, ɗanta ne ya sake tafiya ya bar ta."

"Kuma ba ka jin komai, kana amsa sunan wani?"

"Na amsa sunaye da yawa a ɗakin nan."

"Aikin yana da ma'ana a wurinka?" Madam ta hana wannan tambayar, amma ni don kaina na yi ta.

Ya dubi tafin hannunsa. "Na yi aiki a shago, na yi a ma'ajiyar kaya. Duk inda na bari, washegari wani ya ɗora daga inda na tsaya, ba mai cewa ina wane. Wannan kuwa ba a ɗorawa. In ba ka nan a lokacin, to shi ke nan, ba za ka sake samunsa ba." Ya ƙara sauke murya. "Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba na jin ina da rai sosai sai in ina cikin ɗakin nan. In gadajen suka zama ba kowa, sai in rasa inda zan sa kaina."

Wani sanyi ya ratsa min baya. Wannan wane irin mutum ne Baba yake son in haɗa ɗaki da shi? Kuma abin takaici, a lokacin ne na ji ina sonsa fiye da kullum. Ku zage ni in kun ga dama.

"Ke fa?" ya ce. "In ba ki je ba gobe, wa zai ji?"

"Ni ke tambaya a nan."

Na faɗi haka ne don na lalube raina kaf ban samu ko mutum ɗaya ba. Madam za ta tura wata, wayar wata ta ɗauki muryoyin, a wuce wurin.

"Ta ƙarshe. Mene ne ke bin ka gida daga wurin aiki ba da saninka ba?"

"Babu. In na jingine kujerar, na ajiye komai."

"Kowa haka yake cewa." Na kai hannu zan kashe wayar, sai idona ya sauka kan tsintsiyar hannunsa. Wallahi don neman magana kawai na tambaya. "Wai me ya sa sai ka fito kake ɗaura agogo?"

"Ba na shiga wurinsu da shi. Mutumin da kwanansa ya kusa ƙarewa, ba abin da yake lura da shi kamar idonka in ya sauka kan agogo. Sai ya ga kamar ya tsare ka ne, ya fara ba ka haƙuri."

"Duk mara lafiya kake cire wa?"

"A'a. Su kaɗai nake..."

Ya tsaya. Ni ma na tsaya. Fitilar nan tana ta zuuu a kanmu, jan ɗigon ɗaukar murya yana ƙiftawa a wayar. Sai na ga bakin ƙofar Baba a idona, na ga aljihun gaba, na ga kujerar roba ana ɗaga ta cak, na ga tafuka ana murzawa. Madam ba ta yi ƙarya ba, aikin yana bin sa. Gidanmu yake bin sa.

"Auta, kashe wannan," ya ce.

Tsohuwar ta yi tari a ciki, ta kira sunan ɗanta. Ya dube ni, ya dubi ƙofar, na ga yatsunsa sun koma kan maɗaurin agogo suna kwancewa. Ban jira ba. Haka na sauko har ƙasa ba takalmi a ƙafata, Sista tana kira ko waiwaye ban yi ba.

Ina cikin mota saƙonsa ya shigo, mafi tsawo da ya taɓa turo min: "Ina zuwa bayan la'asar. Don Allah kada ki tambayi Baba komai kafin in zo. Alƙawari na yi masa."

Lokacin da na isa gida hadari ya haɗu, falo ya yi duhu, ba wanda ya kunna fitila. Umma tana kan keken ɗinki da wandon Baba, ɗankwalinta ya zame ba ta gyara ba. Na tsaya a kanta.

"Umma, maganin hawan jini ne Baba yake karɓowa?"

Keken ya tsaya. Ba ta ɗago ba. Ta shafa ƙugun wandon da yatsa, ta ce, "Wa ya faɗa miki?"

Na zauna daɓas a ƙasa. Ashe Gwaggo ta sani. Yayyena sun sani. Har maƙwabcin da aka ba akwati ina jin ya sani. Ni kaɗai, mai aikin karantar mutane, nake yawo cikin gidan ina cewa tsufa ne da rigima.

"Shi ya hana," in ji Umma, hawaye na sauka kan wandon. "Likita ya ce ciwon ya riga ya bazu. Ya ce in kin sani za ki ce e don tausayinsa, shi kuwa ba zai tafi ya bar ki a gidan da tausayi ya kai ki ba. Ki share fuskarki kafin ya ji ki."

Ban ji zuwan Mai Shiru ba, kamar kullum. Inuwarsa kawai na gani a baranda. Na fita na jawo ƙofa, iska tana fizgar mayafina.

"Ka bar tsohuwar?"

"Na bar ta da wata nas. Ban taɓa yi ba."

"Saboda wa ka fara zuwa gidan nan? Kada ka yi min ƙarya, yau ba ni da ƙarfin ɗaukarta."

"Saboda shi. Ranar da aka faɗa masa, a matakalar baya na same shi zaune. Ya ga kujerar a hannuna ya tambaye ni ta mece ce. Da na faɗa masa sai ya yi dariya, ya ce shi yana da mutane, amma duk masu kuka ne, ko ina zuwa gidajen mutane? Na ce ba na zuwa. Sai ga ni riƙe da ledarsa."

"Ni kuma fa? Cikin aikin nake? Cewa ya yi ka haɗa da auta?"

"Bai ce ba. Ke ba ki cikin aikin." Ya kalli agogonsa, sai ya kama kansa, ya sauke hannun. "Kin ce ina yawan duba shi a gabanki. Dubawa nake in ga ko lokacin tashi ya yi, don ba na son ya yi."

Da a ce jiya ya faɗi wannan, da na wuni ina murmushi ni kaɗai kamar wata taɓaɓɓiya. Yau kuwa tambaya ɗaya ce a bakina.

"In Baba ya tafi fa? In gadon ya zama ba kowa? Za ka zauna, ko za ka rasa inda za ka sa kanka?"

Ruwa ya fara ɗiga kan rufi.

"Ban sani ba," ya ce. "Ban taɓa zama a wuri bayan an gama ba."

Kun ji fa. Ina ma a ce ƙarya ya yi min.

Sai ga muryar Baba daga ciki: "Wa nake ji a baranda? Auta ce?"

Mai Shiru ya ɗaga kujerar robar cak. Na ɗauka shiga zai yi, sai ya miƙo min.

"Yau ke ce. Gefen hagu, kunnensa na dama ya daina ji sosai."

Na karɓa. A bakin ƙofar ɗakin wayata ta yi ƙara. Madam ce: "Ya mutumin sama? Masu asibitin sun ce nasa suka fi son sani. Aikin ya shiga ransa ko a'a?" Na kife wayar a kan tebur. Na dubi ɗan agogona mai ruwan gwal, wanda Baba ya saya min da na gama makaranta. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne kawai ya kwance shi.

Ɗakin yana warin man zafi da sabulu. Baba yana kishingiɗe da farar singileti, ƙasusuwan wuyansa duk a waje, abin da na daɗe ina kallo ban gani ba. Na ajiye kujerar a hankali gefen hagu. Ya waiga hagu, ya waiga dama, irin tasa. Sannan idonsa ya sauka kan tsintsiyar hannuna, inda shatin agogo ya fito. Direba ne, ba abin da ke wuce masa ta gefen ido.

"Ashe an koya miki," ya ce.

"Baba..."

"Ba na son kuka. Masu kuka sun yi min yawa." Ya numfasa. "Tambayar da na yi miki, na janye ta. Kada ki ba ni amsa."

"Baba, ai ina da amsar. Wallahi ina da ita."

"Ta jiya nake so, Auta. Ta yau ba taki ba ce, tawa ce."

Ni kaina ban san ko gaskiya ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi komai yi min ciwo. Na kama hannunsa, sai ya ɗan zabura.

"Kai, hannunki ƙanƙara! Bai faɗa miki ana murzawa ba?"

Ya haɗa tafukana cikin nasa, yana murza min su a hankali da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ruwa ya kece a waje. Ta ƙasan labule ina hango ƙafafun Mai Shiru a bakin ƙofa, bai shigo ba, bai kuma tafi ba.